Turken da Aka Sa Malam Ya Tuge

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka sa maigidana ya tuge turke a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur ba. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, don ku samarin da ke bin motar haƙa rijiyar burtsatse yanzu ku ji.

A lokacin ni ke dafa wa ma'aikata abinci. Malam, maigidan nawa, Allah ya jiƙansa, shi ne heluma, wato shugaban leburori. Ga yadda aikin yake: injiniya ta fara auna ƙasa da wayoyinta, inda ta ga alamar ruwa heluma ya kafa turke, sannan a kawo inji ya haƙa daidai wurin. Sama da mu duka akwai ɗan kwangila, Alhaji muke ce masa.

Injiniyarmu 'yar Kafur ce, Malama Rahila. Ta yini tana awo, turke ya faɗa can bayan gari kusa da wani dutse. Da ta zo cin abinci na ce, "Malama, ga gari ga mutane, me ya kai ki bayan gari?"

Ta ce, "Inna, ba ni na zaɓa ba. Kin ga yadda kunu ke yin fata a sama idan ya fara hucewa, ƙasansa kuwa da zafi? Haka duniya take. Sai dai fatar tata ba ɗaya ba ce, manyan falaye ne, kuma tafiya suke a hankali, kamar yadda farce ke tsiro. Inda biyu suka rabu teku ya shiga. Inda suka yi karo ƙasa ta tattare ta zama tsaunuka. Duwatsun nan namu gindin irin waɗannan tsaunuka ne, tun kafin a yi mutum. Matsar da suka sha ce ta tsattsaga su, kuma a cikin tsagar nan kaɗai ruwa ke kwanciya. Idan aka kuskure ta, dutse zalla za a tarar."

Malam ya yi dariya ya ce, "Ashe gonata tafiya take. To Allah ya sa ta nufi fadama." Muka yi ta dariya har da ita.

Washegari ta wuce wani ƙauye awo. Da hantsi sai ga Alhaji tare da wani babban mutumin garin. Ku ma kun san halin ƙasarmu, abin arziki idan ya zo gari a ƙofar babba ake so ya sauka. Ina wankin tukwane kusa da su Alhaji ya kira Malam.

"Heluma, tuge wannan abin ka kai ƙofar gidan ranka ya daɗe."

"Alhaji, Malama ta ce nan tsagar take."

"Malama ce ta ɗauke ka aiki ko ni? Ƙasa ai duk ƙasa ce."

Malam ya sunkuya ya tuge.

Aka yi kwanaki ana haƙa. Farin garin dutse kawai ke fitowa, ko damshi babu. Mata suka gaji da zuwa da bokitai. Ranar da waɗanda suka ba da aikin suka zo dubawa Malama Rahila ta dawo, ta tsaya tana kallon ramin, ta ce, "Wa ya motsa mini turke?"

Alhaji ya ce, "Heluman nan ne. Ni ma yanzu nake ji."

Malam bai musa ba. Irin tarbiyyarsa ke nan, ba ya ƙaryata babba a gaban jama'a. Ni ce na ajiye ludayi na ce, "Ranku ya daɗe, ina wurin, da kunnena na ji Alhaji ya sa shi." Ɗaya daga cikinsu ko kallona bai yi ba, ya ce, "Matarsa ce. Me kuke so ta ce?" Malama Rahila ta ce ita ta san Malam ba zai yi gaban kansa ba, aka ce mata ai ba ta wurin.

A ranar aka sallame mu, ni da shi. Labari ya riga mu isa gida Funtuwa, duk inda ya nemi aiki sai a ce, ai shi ne mai motsa turke. Mutanen ƙauyen suka laƙaba wa busasshen bututun sunansa, sunan da ni ko a ɗaki ban taɓa kira ba saboda kunya. Ya daina zama majalisa, ya daina raha. Bai daɗe ba ya kwanta, bai tashi ba. Na san kwana ne ya ƙare, amma na san da abin da ya tafi a ransa.

Daga baya an koma inda Malama Rahila ta nuna, aka haƙa, ruwa ya fito. Ba wanda ya zo ya ce mini an zalunci Malam.

Abin da na gani a aikin nan shi ne, na sama da baki yake ba da umarni, kuma in abu ya lalace hannun da aka gani shi ake kamawa. Don haka 'ya'yana, duk ranar da aka ce ku motsa turke, ku ce to, amma a maimaita a gaban mutane. Kuma kada shaidarku ta zama matarku kaɗai. Ni na faɗi gaskiya a gaban kowa, ba ta amfane shi da komai ba.