Ranar da Yaya ya yi mini liƙi

Ina da shekara arba'in da bakwai na sayo fiyano na gwanjo a Sakkwato, abin kiɗan nan na Turawa da ake dannawa da yatsu, irin mai batir, na rungumo shi a cikin bas har Tambuwal kamar jinjiri. Ban shawarci kowa ba, don na san amsar da zan samu.

Ba ni da malami sai wata manhaja a wayata. Takan zubo layuka a allo, in danna inda suka nuna. In na yi daidai su yi kore, in na kuskure su yi ja. Wata uku ja na fi gani. Yatsun da suka girma a kan ƙotar fartanya ba su san rabuwa ba, in na aiki ɗaya sai biyu su tafi. Hannun dama ya koya, na hagu ya koya, amma da na haɗa su sai rigima. Akwai wani ɗan kiɗa na 'yan koyo, bai fi minti biyu ba, wanda ban taɓa kai shi ƙarshe da hannu biyu ba. Kullum in na taso daga sakatariya, bayan la'asar, ina zaure ina fama da shi.

Mu 'yan Fakku ne, manoma kaka da kakanni. A wurinmu kiɗa gado ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi don kiɗa ya zama maroƙi, shi da 'ya'yansa. Labari ya kai kunnen yayana, wanda tun rasuwar mahaifinmu ba a ja da maganarsa. Sau biyu yana aikowa in bari. Na uku ya hau babur ya zo da kansa, ya tarar da ni a tsakiyar kiɗan, maƙwabta uku na zaune suna yi mini tsiyar da suka saba.

Na amsa sallamarsa da baki, hannuwana na kan aiki.

"Wanga shi na abin da kaka yi?" in ji shi. "Gidanmu ba a gaji roƙo ba. Amma tunda kaz zaɓa, ga naka."

Ya zaro ɗari biyar ya manna mini a goshi, yadda ake yi wa makaɗa a wurin biki.

Na gane dabararsa: in na sa hannu na cire, na karɓi liƙi a gaban shaidu, in kuwa kunya ta tashe ni, ba zan ƙara zama gaban fiyanon nan ba. Raina ya ɓaci har kunnuwana na zafi. Sai na ƙi ɗaga hannu. Gumi ya riƙe takardar, ta rufe mini ido ɗaya, ban ga kore ba, ban ga ja ba. A haka na kai kiɗan ƙarshe, karo na farko a rayuwata.

Na sunkuyar da kai, takardar ta faɗi a gaban ƙafafuna.

"Sannu da zuwa, Yaya," na ce. "Kuɗinka sun faɗi. Ni ba roƙo nika yi ba, koyo nika yi."

Babu wanda ya motsa. Yaya, mutumin da ya haura sittin, ga ciwon gwiwa, shi ya duƙa a gabana ya ɗauki abinsa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, hannuna har ya tashi zai taimaka, na danne shi a kan cinyata.

Tun ranar bai sake taka zaurena ba. Ni nake zuwa Fakku in durƙusa in gaishe shi, ya amsa a daƙile, in dawo gida in kunna fiyanona.