'Yar Tsegumi da Rabon Shanu

A shekarun farin nan da gulbi ya koma rairayi tun kafin a gama yankan gero, ina aiki da wani kamfani mai kula da rijiyoyin burtsatse masu amfani da hasken rana, daga Isa har ƙauyukan Sabon Birni. Kullum a jakata akwai kwamfuta, da sukundireba, da littafin soyayya da nake haya a kasuwa. Na ɗauka haka duniya take tafiya: a sha wuya a tsakiya, a ɗaura aure a shafin ƙarshe.

Kowace rijiya tana da akwatin ƙarfe a jikin ginshiƙin tanki, cikinsa akwai manhajar da ke tada famfo da tsayar da shi. Kusa da ita kamfani ya dasa wata 'yar ƙaramar manhaja, aikinta sa ido a kan babbar, ta riƙa kai rahoto hedikwata: ta yi zafi, ta yi nauyi, ta tsaya. Mu ma'aikatan daji muna ce mata 'yar tsegumi.

Lokaci-lokaci akan fitar da sabon zubinta, sai ta sabunta kanta, kuma muddin tana wannan kwalliya famfo ba ya motsi. Hedikwata ce ke sa lokaci, lokaci ɗaya ga duk rijiyoyi. Suka zaɓi tsakar rana, don a sa'ar nan rana ta fi ƙarfi, batir ba zai mutu a tsakiyar aiki ba. A birni abin ƙiftawa da bismilla ne. A wurinmu, inda sai ka hau tudu kake samun sabis, yakan kai la'asar.

Abin da ba su sani ba shi ne an raba ranar rijiya. Safiya ta matan gari ce, tsakar rana ta shanu, marece na masu lambu. A shekarar wadata tanki yakan rufe asiri. A shekarar fari mata kan kwashe shi tas da hantsi, shanu su sha abin da famfo ke zubowa kai tsaye cikin komin siminti da ake shayar da su. Idan ya tsaya da tsakar rana, rabon makiyaya kaɗai ya tsaya.

A wani ƙauye kusa da Bafarawa akwai rijiyar da na fi zuwa dubawa, ko da lafiyarta lau. Mai tsaronta yayan wadda nake so ne. Ita kuwa, idan ta ɗago ido daga bakin tulu, sai in ji kamar an yi yayyafi a ƙirjina, alhali ƙasa duk ta tsattsage. Yayanta mutum ne mai barkwanci, makullin akwatin a rataye a wuyansa kamar laya.

"Injiniya, yau ma hwamhwon na da ciwo?" in ji shi in ya hango babur ɗina. "Ko dai kai ad da ciwon?"

"Haba Yaya, aiki ya kawo ni."

"Aikin na can tana daka. Ka jira ta ƙare."

Karo na farko da 'yar tsegumi ta tsayar da ruwa a rabon shanu, ina Gangara. Da na iso washegari na tarar da leɓen Yaya a kumbure. Wani makiyayi ya mare shi, ya ce mutanen gari sun saye shi ya riƙa rufe ruwa. Ardon rugar, dattijo siriri mai farin gemu, wanda kakanninsa da na mutanen garin kushewarsu ɗaya, ya zo da kansa ba da haƙuri. Amma kafin ya tashi ya dube ni.

"Ɗana, ni na yarda na'ura ce. Yarana ba su yarda ba. Sun ce wace irin na'ura ta san safiya ta mata ce, ba ta tsayawa sai shanu sun iso? Maruƙa biyu munka bari bisa hanya jiya. In ya sake, ban da bakin da za ni tsai da su."

Na hau tudu na kira shugabana. Na roƙe shi a ba ni ikon sa lokacin sabuntawa rijiya-rijiya, ko a ɗage shi daga tsakar rana.

"Ka san dokar kamfani," in ji shi. "Duk na'urori su kasance a zubi ɗaya, lokaci ɗaya. In kowa ya sa nasa lokacin, wa zai san abin da ke kan wace rijiya?"

"Ranka shi daɗe, za a kashe mutum."

"Kai da karance-karancenka! Shigar da buƙata, kwamiti zai duba."

Ba mugu ba ne, kuma maganarsa tana da kan gado. Shi dai bai taɓa jin kukan saniya mai ƙishirwa ba.

Na shigar da buƙata. Tana nan tana jiran kwamiti, wata safiya ina ofishinmu na Isa saƙo ya shigo cewa sabon zubi zai sauka yau da tsakar rana. Na kira Yaya in ce ya zare layin waya daga akwatin, don in babu sabis babu sabuntawa. Wayarsa ba ta shiga. Ranar kasuwar Bafarawa ce, ranar da garken nesa ma ke biyowa ta rijiyar.

Na buga babur. A hanya ina ganin kaina kamar jaruman littattafaina, waɗanda kan iso daidai lokacin da aka ɗaga takobi. Rairayi ya riƙa riƙe taya, na sauka na tura, na sake hawa.

Tun daga nesa na ji kukan shanu. Garke ya kewaye komi, suna lasar busasshen siminti, suna turereniya da ƙaho. Yaya yana tsaye ya buɗe akwatin, yana nuna wa samarin makiyaya 'yar fitilar da ke ƙiftawa.

"Ku duba da idonku! Wallahi ba ni na kashe ba!"

"Ƙarya kake, Kaɗo! Da sahe mi ya hana shi mutuwa?"

Wata saniya ta durƙusa a bakin komi, ta kasa tashi. Mai ita ya ɗaga sanda. Bugun farko ya sami Yaya a kafaɗa, na biyu a ƙeya. Ya faɗi, ya miƙa hannun dama yana kare fuska, sai wani ya zaro adda. Na ji ƙarar, irin ta saran ɗanyen kara. Na yar da babur na ruga ina ihu, wani ya tare ni da gora a baki, na tofar da haƙori cikin ƙasa.

Ihun ya kai kasuwa. Samarin gari suka fito da fartanya da gatari da itacen rumfa. Ba su tambayi wa ya yi ba. Wani makiyayi da isowarsa ke nan, ko komin bai kai ba, suka rufe shi da duka har ya daina motsi. Aka sassare agarar shanu, manyan bajimai suna jan gindi cikin jini suna kuka kamar mutane. Ardo ya shiga tsakani da rawaninsa a hannu yana salati, dutse ya fasa masa goshi. Mata suna kururuwa daga bakin danga, na ji muryar wadda nake so a cikinsu tana kiran yayanta.

Ana cikin haka famfo ya yi tari, ruwa ya ɓarke cikin komi. 'Yar tsegumi ta gama sabuntawa. Ruwan ya cika ya tumbatsa, ya bi ƙasa ya yi ja, babu mai dubansa sai shanun da suka rage a tsaye.

Na yage rigata na ɗaure hannun Yaya, muka sa shi tsakiya a babur, wani ya riƙe shi ta baya har asibitin Isa. Jininsa ya jiƙa mini baya, yana ta cewa, "Injiniya, an rufe akwatin? Kar yara su taɓa." Makiyayin da aka rufe da duka bai kai la'asar ba.

Bayan kwana kaɗan kwamiti ya zauna. Aka ba ni iko: kowace rijiya in sa mata lokacinta, in riƙe sabuntawa in ta kama, muddin ba ta wuce wa'adin da suka yanka ba. Wurin sa lokacin wani ɗan gurbi ne a fuskar kwamfuta, bai kai faɗin farce ba. Ashe tun farko yana nan, izini ne babu.

Da aka zauna sulhu na tambayi mai gari da Ardo, kansa a naɗe da bandeji, wace sa'a ce babu mai shan ruwa. A fari babu irin wannan sa'a. Daga ƙarshe aka tsaya a kan lokacin sallar Juma'a: ran nan mata su rage wa tanki, shanu su sha da wuri, maza duka suna masallaci. Haka na bi sauran rijiyoyin har Kurawa, kowace da tata sa'ar, ina tambayar masu ita.

Yaya ya rayu. Yatsu biyu suka rage masa a hannun dama, ba ya iya riƙe ƙotar fartanya. Kamfani ya ce ya koma bakin aikinsa. Na je gaya masa, na same shi a zaure, ƙanwarsa tana ba shi fura da ludayi, idonta a ƙasa.

"Yaya, yanzu ni ka sa lokaci. Na'urar ba ta ƙara tsayawa da shanu a komi."

Ya daɗe yana kallon hannun.

"Na yarda da kai, Injiniya. Amma gobe in sun maishe ka Sakkwato, wa za shi sa?"

Ya sa hannun hagu ya ciro makullin daga wuyansa, ya ajiye a gabana bisa tabarma.

"Ka ba wani. Ni na gama da ruwa."