Na Tambayi Kowa Ban Da Ita

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina zaune a gidanmu a Kazaure ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi kafin aiki ya samu. Harshen Hausa na karanta a jami'a, kuma tun ina ɗaliba an san ni da hali ɗaya: ba na faɗin magana sai na tabbatar. Malamin da ya duba kundin digirina ya taɓa cewa in rage "wataƙila" da "mai yiwuwa", don sun fi abin da na gano yawa. Ni kuwa a lokacin ina ganin halin kirki ne. Ban ce ba na kirki ba ne, amma ku ji inda ya kai ni.

Ina cikin wani guruf na masu karanta littattafai a waya. Akwai marubuciyar da muke bi, wadda ke sakin labarinta shafi-shafi da sunan da kowa ya san ba nata ba ne. Labarin wata mata ne da ta shekara da shekaru ba ta haihu ba, dangin miji suna ta jifan ta da magana, alhali ita ta san daga mijin matsalar take, ta rufa masa asiri. A gaskiya hirar da ake yi a kan marubuciyar ta fi wadda ake yi a kan labarin. Tana da aure? Gidanta bene ne? A kwance take rubutu ko a zaune? Wata ta rantse matar wani babban mutum ce a Abuja, wata ta ce ai namiji ne ma. Ita ba ta taɓa tanka mana ba, sai rana ɗaya da ta ce a littafin rubutu irin na 'yan firamare take fara rubutawa da jan biro, idan aiki ya lafa da rana, daga baya ta kwafe a waya. Ni kuma, saboda ban iya zama haka nan ba, na riga na lura cewa ba ta taɓa sakin shafi ranar Talata ba. Har a takarda na rubuta.

Yayana yana zaune a wani gari a ƙasar Roni. Da hutu na je musu kwana biyu, matarsa tana da ciki, ta ce in raka ta awo. Talata ce, ranar awon ciki a garin. Ƙaramin asibiti ne, nas ɗaya ce mace, wadda duk matan garin ke kira Anti. Tun safe take kan ƙafafunta, tana auna wannan, tana yi wa waccan faɗan rashin shan maganin ƙarin jini, tana tsokanar wata cewa bana ma ta riga kowa kama layi. Da layin ya ƙare, muna jiran mai babur, sai na ga ta ja durowa ta fito da littafin 'yan firamare da jan biro. Ta buɗe, ta yi hamma, ta mayar. Nan take marubuciyar nan ta faɗo mini a rai.

Abin da ya dace in yi a nan, in ma dole sai na yi wani abu, shi ne in matsa in gaishe ta in tambaye ta. Taku biyar ne tsakaninmu. Amma na ce idan ba ita ba ce fa? Za ta ɗauke ni marar hankali. Sai na yanke shawarar in fara tabbatarwa. Na tambayi matar yayana ko ta saba ganin Anti da wannan littafi. Ta ce me ya faru, sai na ga bai kamata in bar ta cikin duhu ba kada ta zargi wani abu marar kyau, na yi mata bayani duka, har da abin da labarin ya ƙunsa, na ƙara da cewa ban tabbata ba. Washegari na tambayi mai shagon cajin waya ko Anti tana yawan sayen data. Shi ma na yi masa bayani, na ce ban tabbata ba. Na je wajen dattijuwar da ke share asibitin, na durƙusa na gaishe ta, na ce Inna don Allah ko Anti takan yi rubutu idan babu mutane. Ta ce 'yar nan, ke 'yar sanda ce? Don kada ta tsorata, ita ma na warware mata komai. Ta ƙarshe gwaggonmu ce, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da na Anti. Mutum huɗu ke nan, kowanne na roƙe shi ya riƙe a cikinsa. Na koma Kazaure ina yaba wa kaina cewa ban yi gaggawar faɗa a guruf ba.

Bayan sati biyu matar yayana ta kira ni. Ta ce ƙanwata, kin ji abin da ake cewa kuwa? Wai Anti tana kwashe sirrin matan da ke zuwa wajenta tana sayar wa duniya a waya. Ta faɗa mini kamar sabon labari, kamar ba daga bakina ya fito ba. "Ban tabbata ba" ɗin da na yi ta maimaitawa, babu wanda ya ɗauke ta ya kai gaba, a wajena aka bar ta. Abin da ya fi ba ni haushi, yawancin masu maganar ba su karanta ko layi ɗaya ba. Mata uku daban-daban kowacce ta ce da ita ake, har da wadda ke da 'ya'ya shida. Wani magidanci da matarsa ba ta haihu ba ya je har bakin asibiti yana faɗa, ya ce an tona masa asiri, alhali kafin ya buɗe baki babu wanda ya taɓa kawo shi a rai. Talatar da ta biyo baya, benci biyu da ke cika da mata, mutum huɗu ne a kai. Matar yayana ma ba ta je ba. Ta ce ita ba ta yarda da zancen ba, amma dai gara a yi hankali.

Na kwana uku ina shirya abin da zan faɗa, sannan na hau mota na je gidan Anti. Ta karɓe ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na fara bayani ina kewaye-kewaye, ta ce Malama, taƙaita, ta san ni ce, Inna mai shara ta faɗa mata tun ranar. Ta ce eh, ita ce. Labarin kuma na babbar yayarta ne da ta rasu, ba na kowa a garin ba. Sai ta miƙe ta ɗaga labule, ta ce tunda gida nake son gani in shigo in gani. Ɗaki biyu ne, katifa a ƙasa, kujerar roba ɗaya, kayan yara a kan igiya. Ta nuna kujerar ta ce a nan take kwafewa, akwai sauran abin da binciken digiri yake buƙata? Ta ce da na tambaye ta ranar, da ta ce mini eh, ta roƙe ni in yi shiru, kuma ta ga alamar zan iya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce littafin bai dame ta ba kamar mace mai hawan jini da ta daina zuwa awo saboda tsoron kada a rubuta ta.

Ba a kore ta ba, ita ta nemi canji, aka mayar da ita can wajen Gwiwa. Labarin ya tsaya a inda ya tsaya. Da maganar ta isa guruf ɗinmu, na zaci za su zage ni, kuma da na fi son haka. Sai ga saƙonni suna shigowa: fara ce ko baƙa, tana da jiki, mijinta me yake yi, na ɗauko hoton ɗakin? Na fita daga guruf ɗin a ranar.

Ba zan ce son sanin marubuci laifi ba ne, wataƙila kowa yana da shi. Amma wanda ya ɓoye sunansa yana da dalili, kuma ba lallai dalilin ya zama na kansa kaɗai ba. Ina roƙon 'yan'uwana masu karatu, musamman irina masu ganin sun iya taka-tsantsan, tambayar da kuka kasa yi wa mutum a gabansa kada ku kai ta wajen maƙwabtansa. A ƙaramin gari tambaya ma labari ce. Har yau asibitin nan bai sami nas mace da ta zauna ba. Matar yayana tana da wani cikin yanzu, wata bakwai, kuma a bayan babur take zuwa awo har Kazaure. A gidanmu take sauka, ni nake kai mata ruwa.