Akwatin Ɗan Adda da 'Yan Ƙwallon Hamma

Kwanan baya wasu masu karatu biyu suka tsaya a bakin shagona suna jira in gama musu gyaran fanka, suna ta musu wai ko ɗan akwatin nan da ake jona wa talabijin, mai jawo fim da ƙwallo ta intanet, zai kashe kasuwar injin gem, wato na wasan bidiyo. Ɗaya ya ce ai ya riga ya kashe. Ɗayan ya ce da saura. Babu wanda ya tambaye ni. Don me za a tambayi mai gyaran fanka da ya tsaya a aji biyu na sakandare? Na bar su da surutunsu. Amma ni na san amsar, kuma ba a takarda na karanta ba. A ɗakina aka yi gwajin, a kan yayana.

Hamma, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mai karatun gidanmu. Mu 'yan cikin Yola ne, amma aikin koyarwa ya kai shi wani gari can arewacin jiha, a gindin duwatsu, ya daɗe har ya iya yarensu. Ban da aji, shi ke horar da ƙungiyar ƙwallon garin: masu faci, manoma, teloli, 'yan masallaci da 'yan coci, duk a riga iri ɗaya. Da masu bindiga suka shiga garin, kowa ya yi ta kansa. Matarsa da 'ya'yansa sun riga sun fito, suna gidan iyayenta a Ngurore, nan kusa da Yola. Shi kuwa a ƙafa ya iso Jimeta, inda nake zaune, da silifas wari ɗaya.

A wurina ya sauka. Ba ya cin abin kirki, ba ya magana. In ya buɗe baki, abu ɗaya ne: zai koma ya nemo yaransa, wato 'yan ƙwallon. Sau biyu ina kamo shi a tasha ina jawo shi gida kamar akuya. A lokacin wanda ya bi hanyar nan ba a sake jin labarinsa. Ni ba na son komai a duniya illa in riƙe mutumin nan a Jimeta, inda idona ke ganinsa.

Abin da ya riƙe mini shi wani tsohon injin gem ne. Wani ya kawo mini gyara, fankar ciki ta mutu, na gyara, mai shi bai sake dawowa ba. Baƙi ne, murfinsa a tsage, sai an ɗora masa dutse yake karanta faifai. Yana da hannu biyu masu waya da ake buga wasan da su, da ɗan memori kamar akwatin ashana. Wata rana bayan la'asar na jona shi don in gwada, na sa ƙwallo, na miƙa wa Hamma hannu ɗaya don kawai kada ya ci gaba da kallon bango. Ya karɓa. Bai iya ba, amma ya karɓa.

Shi da kansa ya gano cewa ana iya goge sunan ɗan wasa a rubuta wani. Kwana uku ya yi a kai. Ya ɗauki wata ƙungiya ta Turawa da ba wanda ya san da ita, ya cika bencinta da sunayen yaransa, ɗaya bayan ɗaya. Ba suna kawai ba: tsawo, launin fata, mai ƙafar hagu, mai sanƙo. Na ce masa ya ƙara musu gudu mana, tunda a hannunsa abin yake.

Ya nuna ɗaya ya ce, "Wannan? Ai ko kare ya biyo shi ba ya gudu. Ƙarya kake so in yi masa?"

Maganar farko ke nan mai tsawo da na ji daga bakinsa tun zuwansa.

Sai ya kafa doka. Duk suna benci. Ba wanda zai shiga fili sai an tabbatar yana raye, kuma ba da an ce an ce ba: ko Hamma ya ji muryarsa a waya, ko ya ga wanda ya ci abinci da shi. Ranar da labari ya tabbata, sai a cire Bature ɗaya a sa ɗan gari. Wanda kuwa aka tabbatar ya rasu, Hamma ya yi masa addu'a, ya goge sunan da hannunsa, ranar ba wasa. Hakan ya faru sau uku.

To, kun ga aikin da ya samu. Maimakon ya shiga mota, sai ya riƙa zaga sansanonin 'yan gudun hijira da majami'u da rumfunan kasuwa yana tambaya, ya dawo da yamma mu buga. Ni nakan ɗauki babbar ƙungiya in zuba musu shida, bakwai. In na sassauta yakan gane, ya ce kada in raina masa yara. A hankali fili ya cika da baƙaƙen fata. Biyar, takwas, goma. Shekaru aka ɗauka. A goma aka tsaya. Mai tsaron gida ne ya rage, wani dogo ɗan mai wa'azin coci, ba labarinsa ko ta ina. Sai aka bar wani Bature mai jan gashi a raga, Hamma yana zaginsa kullum. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ban damu a samu golan nan da wuri ba. Muddin yaransa suna cikin talabijin ɗina kuma da saura ɗaya, na san inda Hamma zai kasance da la'asar.

Sai ɗan Adda ya shigo maganar. Adda babbar yayarmu ce, ɗanta kuwa ma'aikacin ofis ne, yana zaune a unguwar Demsawo, irin waɗanda ke ɗaure wuya da taye a zafin Yola suna gumi kamar randa. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Irin mutanen nan ne da in suka ga abu tsoho a gidanka sai su ji kunya a madadinka.

An yi masa ƙarin girma, ya ga ya kamata ya yi wa kawunnansa alheri. Wata Juma'a ni da Hamma muka tafi Ngurore duba iyalinsa. Ya zo, matata ta buɗe masa ɗaki, don wa zai hana ɗan gida shiga? Muka dawo wajen la'asar muka tarar da shi a kujerata, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. A ƙarƙashin talabijin, inda injin yake, wani ɗan abu ne kamar sabulun wanka, yana ƙyafta shuɗiyar wuta. Dutsen da muke ɗorawa yana waje, an tokare ƙofa da shi.

"Kawu, albishirinku! Na fitar da ku daga zamanin jahiliyya."

Na ce, "Ina injin?"

"Wannan gwangwanin? Na ba wa wani mai rumfa a kasuwa a musaya. Kawu, wannan da kake gani ya haɗa komai. Fim, labarai, wa'azi, ƙwallon Turai kai tsaye, gem sun fi a ƙirga. Ba faifai, ba waya, ba memori. Nan da 'yan shekaru ba wanda zai sayi injin gem a duniya, duk masana sun faɗa."

"Ba memori? To abin da mutum ya ajiye fa, ina yake zama?"

Ya nuna silin da yatsa. "A sama, Kawu. Komai yanzu a sama ake ajiyewa."

"A sama ina? Wa ke gadi?"

Ya yi dariya irin ta wanda ya je jami'a. Hamma kuwa ya tuɓe hula. Ya zauna a gefen katifa, hularsa a hannu.

Don in yi wa ɗan Adda adalci, na ce ya kunna ƙwallon mu gani. Ya danna, wani zobe ya fara juyi a tsakiyar allo. Ya ce sabis ne, mu ɗan jira. Muka jira. Rubutu ya fito a allo wai sai an sabunta shi. Muka jira. Da ƙyar fili ya bayyana, kyakkyawa kam, ciyawa kamar ka kwanta, ba zan yi ƙarya ba. Na ce ina hannu na biyu? Ya ce ai da rimot ake yi, rimot kuma ɗaya ne, amma za a haɗa ni da wani a ko'ina cikin duniya mu buga. Na ce ga yayana a zaune kamu ɗaya da ni, me zan yi da wani a ƙarshen duniya? Na karɓi rimot ɗin duk da haka. Ka danna yanzu, ɗan wasa ya yi tunani, ya yi shawara da iyayensa, sannan ya buga, a lokacin an riga an ƙwace ƙwallon. Ana cikin haka kowa ya daskare, gola a iska, zoben nan ya dawo.

Sai Hamma ya yi magana, a hankali. "Ana iya canja suna?"

"Suna kuma? Haba Kawu, ai waɗannan 'yan wasan gaske ne, da fuskokinsu. Kamfani ne ya sa su, ba a taɓawa. Wa zai so canja su?"

Hamma ya sa hularsa ya fita alwala.

Abin da na gaya wa ɗan Adda a ranar ba zan rubuta ba, don uwarsa yayata ce. Da safe na tasa shi gaba har kasuwa, zuwa rumfar da ya yi musayar. Mai rumfar wani ƙato ne mai sarƙa a wuya, injin namu na kan teburinsa an goge shi yana sheƙi. Na ce memorin nake so, ya riƙe sauran.

"Oga, memori na nan, amma na share shi tun jiya. Na sa 'yan wasan kakar bana."

"Ka share?"

"Sunan 'yan ƙauye ne ya cika ciki, Oga. Tim ɗin ma ba ya gudu, ba ya komai. Wa zai saya haka?"

Ɗan Adda ya ce ai ba wani abu ba ne, sai a sake rubutawa, minti nawa ne. Na dube shi. Mutum mai digiri, yana zaton suna ne kawai a ciki. Bai san kowane ɗaya daga benci ya taso ba, a ranarsa, bayan tafiyar ƙafa da tambaya da jiran waya.

Na biya na karɓo injin duk da haka, na kawo gida, na jona, na ɗauko dutsen na ɗora. Na miƙa wa Hamma hannu. Na ce mu fara daga farko, ni zan riƙa danna haruffan, shi ya riƙa faɗa. Ya dubi allon, Turawa goma sha ɗaya a fili, Turawa a benci.

Ya ce, "Sau biyu ke nan ana watsa mini su ina kallo."

Ya ajiye hannun a kan tabarma. Bai sake taɓa shi ba.

Bai koma shiru irin na da ba, wannan na gode wa Allah. Amma la'asar ta zama ba ta da aiki. Yakan zauna a bakin shagona yana kallon motocin da suka nufi arewa. Matata da yara kuwa sun samu abin so, fim daga safe har a ɗauke wuta, data na ƙonewa kamar ciyawar rani. Wannan kam akwatin ya iya, ban hana shi ba. Ya iya zaunar da mutum ya buɗe baki yana kallon abin da wasu suka zaɓa masa. Abin da bai iya ba shi ne ya bar ka ka sa naka a ciki, ka rufe, ka dawo gobe ka tarar da shi. Mai gida daban, ɗan haya daban, kuma a akwatin nan kai ko ɗan haya ba ka kai ba, mai leƙe ta taga ne.

Bayan kamar wata biyu waya ta shigo, muna shago. Na ga Hamma ya miƙe tsaye yana magana da yaren can. Golan ne. Ashe ya tsallaka iyaka, ya yi shekaru a can, yanzu ya dawo garin yana gyara rufin gidan ubansa. Da a da ne, da mun rufe shago mun ruga gida, a kori Baturen nan mai jan gashi, in zuba musu bakwai, Hamma ya yi ta murna. Ranar kuwa ya gama wayar, ya tsaya riƙe da ita, ba inda zai kai labarin.

Da ya zauna ya ce, "Ya ce filin makaranta na nan. Ciyawa ce kawai ta cinye shi."

Na ce hanyar fa? Ya ce ana bi. Na ce ana bi, ana kuma tare mutane. Na ce iyalinka fa? Ya ce in ya ga wuri ya zauna zai aiko su zo. Na ce shekarunka nawa, Hamma, za ka je ka yi ta busa usur a gindin dutse? Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira Adda ta yi kuka a waya. A da nakan jawo shi daga tasha don ina da abin da zan zaunar da shi a gabansa. Yanzu me zan nuna masa? Zobe mai juyi?

Ni na ɗaukar masa jaka zuwa tasha. Ya samu gefen taga. Har yau yana can, hanyar kuma har yau wata rana lafiya, wata rana a ji abin da ba a so. In wayarsa ta ƙi shiga kwana biyu, sai in ajiye sukudireba in yi ta kira.

Ranar, da direba ya tada mota, Hamma ya leƙo ya ce, "Ka gaya wa ɗan Adda na gode."

Ban gaya masa ba. Ba kuma zan gaya masa ba.