Kwanon Shamsiyya Ya Dawo Hannuna

Shamsiyya ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, hannuna tsundum cikin tsakin masara ina wankewa. Yayanta Sabi'u ne ya kira daga asibiti a Kano. Shi ɗin ne jiya da yamma ya ce min jiki ya yi sauƙi, yau za a sallamo su.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce yarinyar nan mai cika muku status da hotunan girki, wadda kullum nake kawo muku ƙararta a nan. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Da ciwon sikila aka haife ta, shi ne kuma ya tashi wannan karon bai kwanta ba.

Na ga tun ɗazu ana ta rubuta cewa mai haƙuri ce, ba ruwanta da kowa. Ni dai ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba. Shamsiyya tana da ruwa da kowa, musamman tukunyar mutum. Kuma ta dame ni iya damuwa.

Gidanmu da nasu ana ciyayya tun kafin a haife mu. In an sauke tukunya a zuba a kwano a miƙa ta katanga, can su juye su zubo nasu, don kwano ba ya komawa wayam. Iyayenmu sun yi shekaru suna haka lafiya lau, tuwo ya je, tuwo ya dawo. Ranar da girki ya koma hannun Shamsiyya, Sabi'u kuma ya saya mata babbar waya, ranar muka shiga uku.

Wata rana na buɗe kwano na ga gurasa an shafe ta da miyar tumatir, an marmasa awara a kai, ga ƙamshin daddawa yana tashi. Na leƙa ta katanga na ce, "Ke, mene ne wannan kuma?"

Ta ce, "Fiza ce, baƙauya."

A ƙauye ɗaya aka yanke mana cibiya, amma ni ce baƙauya.

Ta taɓa zuba citta da barkono a zoɓo har Babanmu ya kwana yana shaƙuwa. Ta taɓa aiko mana taliya da miyar kuka. Na yafe mata komai duniya da lahira, har da wannan taliyar, amma Allah ya sani da ƙyar.

Sai batun kek. Ta gani a bidiyo ana gasa shi ba sai da oben ba, ta zuba yashi a tukunya, ta ɗora garwashi a kan murfi. Iska ta ɗauki garwashi ta jefa cikin karan dawar da Innarta ta tara na girki. Maza suka fito daga masallaci da gudu, kowa da bokiti. Ita kuwa tana tsaye tsakar gida rungume da tukunya tana cewa, "Don Allah ku bi a hankali, kar ku watsa min ruwa a kek!"

Daga baya na gano da ƙwan zabina ta yi shi, wanda na tara zan sa wa kaza ta kwanta. Da na yi magana sai ta ce, "To ai kin ci abinki."

Na ci kuwa. Yashi har cikin haƙori.

Sabi'u ma bai tsira ba. Mutum ya wuni yana fama da buhunan wake a Dawanau, sai ta bi shi da waya, riɗi take so, waken suya take so, kuma kar ya kawo mata na bara.

Amma abin da ya fi ba ni haushi ba wannan ba ne. In ta ajiye shirmenta ta yi girkin gida, duk unguwar nan babu mai kama ƙafarta. Dambunta in kika ɗebo sai ya zube daga hannunki washar-washar, zogale ya ji, mai bai yi yawa ba. Ta kuma san ta iya, shi ya sa ta mai da kanta alƙaliyar tukunyata.

Ni ce malamar firamare, amma ita ke min maki. Duk kwanon da na miƙa, kafin na juya zan ji muryarta ta katanga. "Kulu, kuɓewar nan gudu take yi." "Kulu, an yi faɗa da ke ne kafin ki tuƙa tuwon nan?" Tunda muka fara girki, ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗe baki ta ce min ya yi ba.

Ko sau ɗaya fa.

Ita ce dai kuma, lokacin da taifot ta kwantar da ni, kullum da safe sai ga kunun gyaɗa da ɗuminsa a kan katanga, ita kanta a lokacin da sanda take dogarawa. Da haƙoran Babanmu suka zube, ba wanda ya roƙe ta, ta koma ware masa nasa fate daban mai laushi. In ya sa mata albarka sai ta ce, "Baba, ai ka daɗe kana haƙuri da girkin Kulu."

Kun ji. Ko alherinta sai ta haɗa da tsokana.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka rabu. Ta aiko min da awara a kwanon samirarta, shuɗin nan mai murfi da kuke gani a hotuna. Na ce yau zan rufe mata baki, na yi dambu na zuba, na zaga ta ƙofa da kaina don na ga fuskarta.

Na same ta kan tabarma a rana, da safa da bargo, ta ɗora robar ruwan zafi a gwiwa. Innarta tana gefe tana tsince wake. Da ganin idonta na san ciwon ya fara taɓa ta, amma da ta ga kwano sai ta gyara zama.

Ta ɗebo, ta matse a hannu, ya dunƙule.

Ta ce, "Malama Kulu, dambu kika yi ko tuwo?"

Na ce, "Ke dai ki ci."

Ta ce, "Ruwa yayyafa masa ake yi, ba wanka ba. Kuma ki kwaɓa kuka ki liƙe bakin madambacin, tururinki duk guduwa yake." Sai ta mayar da murfi, ta turo min kwanon da ƙafa. "Koma da shi. Kwanon nan kar ya dawo gidan nan sai da dambun kirki."

Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Wallahi sai kin ce ya yi da bakinki."

Ta yi dariya tana riƙe da gwiwa. "Allah ya nuna mana."

Washegari aka tafi da ita Kano.

Tun daga ranar nake turara dambu. Yau ya caɓe, gobe ya bushe. Har Baba ya tambaya ko hukuma ce ta hana tuwo a gidan nan. Ni kuwa ba abin da nake so illa ta sauko daga mota na ɗora mata kwanon a cinya, na ji kalmar nan daga bakinta. Tsakin da nake wankewa da safe ke nan wayar ta shigo.

Na daɗe zaune a ƙasa. Ummarmu ce ta ce, "Tashi ki ƙarasa, Kulu. Yau ba za a hura wuta a gidansu ba, kuma mutane za su cika."

Na tashi. Na yayyafa ruwa, na kwaɓa kuka na liƙe madambaci, ina yi ina share ido da gefen mayafi. Da na sauke na ɗebo, sai ya zube daga hannuna washar-washar.

Yau. Sai yau ya ga damar yi.

Bayan an kai ta na shiga da shi gidan. Mata sun cika tsakar gida. Wannan ta ɗiba ta ce madalla, waccan ta ce kai Kulu kin iya, wata ma cewa ta yi kamar na marigayiya. Kowa ya yi, ya yi. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona min rai irin wannan ba.

Inna tun safe ko ruwa ba ta sha ba. Da ta hango shuɗin kwanon sai ta miƙo hannu. Ta ɗebo kaɗan, ta murza a tafinta, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa.

Ta ce, "Ya warware kam, 'yar nan. Amma ba ki sa gishiri ba."

Na ɗanɗana. Ko ƙwaya babu. Duk matan nan sun ci lami sun yi min kara.

Inna ta juye sauran a faranti, ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙullin yajin da Shamsiyya ta daka, ta sa a kwanon, ta rufe, ta miƙo min.

"Koma da shi. Ina zaune ta gaya miki sharaɗinta."

A nan kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace min.

Kun gani ko? Ta tafi ba ta ce ya yi ba, ta kuma bar ni da aiki. Ga kwanon nan a gabana ina wannan rubutun. Gobe in Allah ya kai mu zan sake wanke tsaki.

Shamsiyya, kin ba ni haushi, kuma ban san yadda zan yi da katangar nan ba tare da muryarki ba.

Allah ya jiƙanki da rahamarsa, ya sa duk raɗaɗin da ƙasusuwanki suka sha ya zama kaffara. Allah ya haskaka kabarinki, ya ciyar da ke abincin Aljanna, wanda ko ke ba za ki samu abin kushewa a cikinsa ba. Allah ya ba Inna da Sabi'u juriyar wannan rashi.

Ku da kuka sha dariyar hotunan girkinta, don Allah kar ku tsaya a danna hoton hawaye ku wuce. Ku ɗaga hannu ku roƙa mata gafara da sunanta, ku sa Inna a ciki.