Injin Dodo a Gaban Alƙali

Dodo mai niƙa a Maijirgi ba ya son surutu, amma ba ya barin magana ta wuce. Shekara biyu da mutuwar injinsa, takardar lanho, wato harajin injin, ba ta daina zuwa ba. Ya ɗora injin bisa amalanken jaki sai kotun Tasawa.

Alƙali ya ce, "Baba, wannan ba hurumina ba ne. Kai kukanka biro, ofishin masu haraji, in sun ƙi sai Maraɗi."

Ya kai, suka ƙi. Kwana huɗu jakin ya yi a hanya. Alƙalin Maraɗi ya fito ya leƙa injin, ya tarar zanzaro ya yi gini a ciki. Aka soke lanhon. Har yau a Maijirgi ana jinjina wa mutumin da ya kayar da hukuma, shaidarsa zanzaro.