Shekarar da Aka Yi wa Agwagin Inna Ɗura

Ko da zan manta da komai na zaman jegona na fari, ba na jin zan manta da abin da ya sami agwagin mahaifiyarmu a bazarar nan. Shekaru sun ja, 'yar da na haifa a lokacin har ta yi aure, amma har yau in na ga hanta a tiren mai nama sai in kau da kai.

Na dawo gidanmu a Azare wankan jego ne, lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa gari ba. Inna tana da garken agwagi irin na gida, baƙaƙe masu jan fuska, waɗanda ba sa kuka sai huci. Asalinsu daga Gadau ne. Kakarmu ce ta ba ta uwarsu lokacin da za a kawo ta ɗakin miji, kuma tun daga nan irin bai taɓa yankewa ba. Kowace 'ya ta gidan in za ta tare, sai an haɗa mata da guda biyu. Da safe su fita kududdufin bayan gida, da la'asar su dawo a jere, Inna ta watsa musu dusa tana musu faɗa kamar jikoki.

Sai ga babban yayanmu ya dawo daga Kano, aikin da yake yi ya ƙare, ga mata ga 'ya'ya. Ya haɗu da wani ɗan kasuwa mutumin kudu da ya daɗe a garin, mai kai kaji manyan otal na Abuja. Shi ya ba shi labari cewa akwai baƙin da ke neman hantar agwagwa mai kitse ruwa a jallo, kuma ana samunta ne in an tsare agwagwa an yi mata ɗurar masara. Yaya ya sayo wasu fararen agwagin turawa, amma ba su isa ba. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna.

"Inna, aron na gidan nan nake so. In Allah ya yarda, ninkinsu zan mayar miki."

Shi ne ɗanta na fari. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dube shi ta ce a'a. Ta daɗe tana tsince wake, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ga su nan."

Aka kafa keji na waya a bayan ɗakin girki, kowace agwagwa da ɗan gurbinta wanda ko juyawa ba ta iya yi. Safe da yamma Yaya zai matse ɗaya tsakanin gwiwoyinsa, ya zura mata guntun tiyo a maƙogwaro, ya zuba jiƙaƙƙiyar masara ta mazurari, yana shafa wuyan har ta sauka. Ina daga ɗaki da jaririya a cinya ina jin ƙarar fukafukai a jikin waya. Inna kuwa duk lokacin ɗura sai ta ɗauki buta ta shige bayan gida, ta daɗe ba ta fito ba.

Da farko abin kamar zai yi kyau. Fararen suka yi ɓul-ɓul, Yaya yana ta murna. Amma na Inna cikinsu kawai ke kumbura, yana saukowa har yana taɓa ƙasa. Suka daina gyara gashinsu. Baki buɗe, suna haki kamar wanda ya sha gudu. Ga zafin bazarar Azare, wanda ko mutum mai lafiya neman inuwa yake.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, iska ta tsaya cak. Matar Yaya ce ta ƙwalla kira: "Ku fito, suna faɗuwa!" Na fito na tarar da uku sun riga sun miƙe ƙafa, sun zama mushe. Yaya ya zaro wuƙa yana bin keji ɗaya bayan ɗaya, yana bisimilla yana yankawa, don kada sauran su tafi a banza. Wata yana buɗe ƙofarta take cikawa a hannunsa. Jini da ruwan masara suka cakuɗe a tsakar gida, ƙudaje suka taru.

Da aka farke ta farko, duk muka matso muna leƙe. Hantar da na sani ja ce, ƙarama. Wannan kuwa fara ce fat da ɗan rawaya, ta cika cikin gaba ɗaya, ta danne huhu. Yaya ya sa hannu zai ɗago ta, ta narke tsakanin yatsunsa kamar man shanu.

Wani maƙwabcinmu likitan dabbobi ne, aka kira shi. Ya duba na Inna, ya sa aka yanka ɗaya daga cikin fararen ya duba. Ita hantarta da sauƙi, kitsen duk yana ƙarƙashin fata.

"Masarar da ka ɗura musu sukari take zama a jini," in ji shi. "Hanta ce ke mayar da shi kitse. Waɗannan fararen, jikinsu na kwashe kitsen ya kai wani wuri. Na gida kuwa halittarsu ce ta riƙe shi a hanta, gado ne a jininsu. Ga nauyi a huhu, ga wannan zafi. Da me za su yi numfashi?"

Mutumin kudun ma ya zo da kularsa ta ƙanƙara. Ya tsaya ya riƙe baki. "Malam, ai na ce maka ka bari sai sanyi ya shigo." Yaya ya juya ya ci gaba da tattara yankakkun. Ashe an gaya masa, matsin da yake ciki ne bai bar shi ya jira ba.

Duk wannan Inna tana tsaye a bakin ɗakinta. Sai ta tako, ta tsuguna gaban tsohon toron garken, wanda ya mutu kafin wuƙa ta iso shi. Ta zare shi daga keji, ta share masa masarar da ta bushe a baki da gefen zanenta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, kamar da ƙasa take magana, "Ni na ba da ku." Ta sa aka haƙa rami aka binne mushen, naman yankakkun kuma ta ce a fitar mata da shi daga gida.

A agwagin Inna ko ɗaya ba ta tsira ba. Bayan damina Yaya ya je kasuwar Shira ya sayo mata 'yan tsaki na agwagwa a kwando. Ta leƙa, ta ce, "Allah ya yi albarka. A kai wa maƙwabta." Ya koma Dambam ya kama noma, yana zuwa gaishe ta duk sallah, suna gaisawa lafiya lau. Amma har ta rasu ba ta sake kiwon komai ba, kuma shi har yau ba ya iya zama in an taso da zancen.

Abin da na koya a ranar shi ne, duk mai rai yana da iyakar abin da jikinsa zai ɗauka, kuma in ka ƙetare ta, abincin ma kisa yake yi. Na kuma koyi cewa in za ka roƙi wanda kunya ba za ta bar shi ya hana ka ba, to kai ne za ka yi wa kanka iyaka, domin "ga su nan" ba kullum take nufin an yarda ba.